Abin da ke sa sayen motar Beljiyam ya zama ciwon kai a Najeriya

Daga kasuwar motoci ta Berger da ke Apapa a Legas har zuwa filayen dillalai da suka jeru a bakin manyan titunan Abuja, Kaduna da Kano, mafi yawan masu neman mota a Najeriya ba sabuwa suke taya ba. Motar da wani ya riga ya hau a Amurka, Kanada ko Turai ita ce abin da aljihun ma'aikaci da ɗan kasuwa ke iya kaiwa gare shi. A Kudu ana kiranta tokunbo, kalmar Yarbanci mai nufin abin da ya zo daga ƙetaren teku. A Arewa kuwa an fi cewa Beljiyam, sunan da ya samo asali daga zamanin da motocin Turai ke taruwa a unguwar Heyvaert ta birnin Brussels, a loda su a tashar jiragen ruwa ta Antwerp zuwa Afirka ta Yamma. Sunan ya zauna, har motar da ta fito daga jihar Texas ma Beljiyam ake ce mata.

Koke-koken masu saye kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ba a rubuta farashi a jikin mota, sai an kalli mutum sama da ƙasa sannan a yanka masa kuɗi, kuma yaron da ya tare shi a bakin ƙofa da maigidan da ke cikin ofis kowa da nasa adadin. Idan ya nemi a tayar da mota, sai a ce batir ya yi sanyi, a ɗauko na wata a jona. Idan ya nemi ya ɗana ta, sai a ce babu mai a tanki, ko kuma a bar shi ya zagaya layi ɗaya ya dawo, tafiyar da ba za ta isa injin ya yi zafi ba balle giya ta nuna halinta. Takardu kuma sau da yawa sai an biya kafin alƙalami ake fito da su. Bayan mako biyu ko uku fitilar gargaɗi ta kunna a gaban direba, ya koma wurin da ya saya, a shaida masa cewa lafiya lau motar ta bar hannunsu.

Tushen waɗannan matsaloli guda ne. Motar da aka hau tana da tarihi, kuma darajarta ta dogara ne a kan wannan tarihi: nisan da ta yi, hatsarin da ta taɓa yi, ruwan da ya taɓa shanye ta, da kuma hanyar da ta bi ta shigo ƙasa. Mai sayarwa ya san wani ɓangare na labarin, mai saye kuwa fenti da tayoyi kawai yake gani.

Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin wannan. A shekarar 1970 Ba'amurke George Akerlof ya wallafa wata maƙala a kan kasuwar tsofaffin motoci, aikin da ya kasance cikin dalilan ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, idan mai saye ba ya iya bambance mota mai kyau da mai aibi, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, zai tsaya ne a tsaka-tsaki. Mai mota mai kyau sai ya ga ba a biya shi darajar kayansa ba, ya janye. Mai mota mai aibi kuwa farashin ya yi masa daɗi, ya zauna. A haka kasuwa ke cika da kayan da ake zargi. Wanda ya taɓa jin dillali yana rantsuwa cewa motarsa ba ta taɓa yin hatsari ba, mai saye kuma yana taya ta kamar wadda ta yi, ya ga wannan nazari da idonsa.

Yadda aka iso nan

Ba haka abin yake ba tun asali. A shekarun 1970 gwamnati ta haɗa hannu da kamfanonin ƙetare aka kafa masana'antun haɗa motoci: Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, da ANAMMCO a Enugu. Ma'aikacin gwamnati na wancan lokaci yana iya karɓar rancen mota ya fito da sabuwar 504. Faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980 da kuma karya darajar naira a ƙarƙashin shirin SAP na 1986 suka raba matsakaicin ɗan Najeriya da sabuwar mota, tsofaffin motocin Turai suka cike gurbin.

Girman wannan ciniki a duniya ba ƙarami ba ne. Rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Najeriya na cikin manyan masu karɓa a nahiyar. A daidai wannan lokaci hukumomin ƙasar Holan sun binciki motocin da ke barin ƙasarsu zuwa Afirka, suka tarar da yawancinsu ba su da takardar shaidar cancantar hawa titi, kuma an cire wa wasu na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa. Wannan na'ura ita ce kanikawan Najeriya ke kira indomi saboda kamannin cikinta, kuma ana cire ta ne domin ƙarafa masu tsada da ke ciki. Ana cirewa a can, ana cirewa a nan ma, kuma mai saye ba ya ganewa sai mota ta fara shan mai fiye da ƙima.

Abin da fenti ke rufewa

Kaso mai yawa na motocin da ke zuwa daga Amurka ana sayo su ne a gwanjon kamfanoni irin su Copart da IAA, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka ga kuɗin gyaransu ya kusa ko ya wuce darajarsu. Hukumomin jihohin Amurka kan sa wa takardar irin wannan mota alamar cewa ta lalace, domin duk wanda zai saye ta a can ya sani. Da zarar ta hau jirgin ruwa, alamar ta tsaya a can. A Legas ana kai ta wurin mai gyaran bodi, a miƙe ƙarfe, a shafa abin cike lotsawa, a fesa fenti, ta fito tana ƙyalli.

Ya kamata a yi adalci a nan. Motar da ta yi hatsari ba lallai ne ta zama mara amfani ba. Kuɗin aikin kanikanci a Amurka yana da tsada ƙwarai, har motar da ƙofa da fitila kawai suka lalace kamfanin inshora kan iya yafe ta. Irin wannan idan aka gyara ta da kyau za ta yi shekaru tana aiki, kuma ita ce ke sa mutane da yawa ke iya mallakar mota. Inda cutar take shi ne a sayar da ita a farashin wadda ba ta taɓa bugawa ba, ko a ɓoye lahanin da ya shafi rai. Shasin da ya lanƙwashe aka miƙe da wuta ba ya komawa ƙarfinsa na farko. Jakar iskar da ke kare direba idan ta fashe, sabuwarta tana da tsada, don haka wasu kan rufe gurbinta a sitiyari babu komai a ciki, su kashe fitilar da ya kamata ta tona asirin. Mai motar ba zai san an yi masa haka ba sai ranar da ya buƙaci jakar.

Motar ambaliya ta fi wuyar ganewa. Bayan kowace babbar guguwa a Amurka, kamar Katrina a 2005, Harvey a 2017 da Ian a 2022, dubban motocin da ruwa ya shanye kan shiga gwanjo. Bodinsu lafiya lau, injin ma yakan tashi. Illar tana cikin wayoyi da kwamfutocin mota, inda tsatsa ke ci a hankali, musamman idan ruwan teku ne mai gishiri. Yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi canzawa, jibi mota ta mutu a tsakiyar titi, mai gyaran waya ya yi ta canje-canje ba a gano bakin zaren ba. Alamunta sukan ɓuya a inda mai wanki ba ya kaiwa: laka a ƙarƙashin kafet da ramin safaya, tsatsa a ƙusoshin kujera, warin danshi da aka danne da turare mai ƙarfi.

Sai kuma agogon da ke ƙirga nisan tafiya. A da sai an kwance shi a juya da hannu, yanzu kuwa kwamfuta ake jonawa a rubuta adadin da ake so cikin mintuna. Motar da ta shekara goma tana zirga-zirga a manyan hanyoyin Amurka sai a gan ta da nisan da bai kai na shekara uku ba. Akwai kuma ruɗanin ma'auni, domin motocin Amurka da mil suke ƙirgawa, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, saboda haka mil 100,000 kilomita 160,000 ne. Abin lura shi ne ƙasar da ake kiran motocin da sunanta ta magance wannan matsala a gida. Tun 2006 Beljiyam ke aiki da tsarin Car-Pass, inda ake rubuta nisan mota duk lokacin da ta shiga gareji ko wurin gwaji, kuma dole mai sayarwa ya miƙa wa mai saye takardar da ke ɗauke da jerin adadin. Najeriya ba ta da makamancin wannan.

Shekarar ƙira ma ana taɓa ta. Kamfani kan yi shekara biyar ko shida yana fitar da mota da gangar jiki ɗaya, yana sauya fitilu da bamba kawai. A kasuwannin kayan gyara irin su Ladipo a Legas ana samun waɗannan kayan, a ɗaura wa motar 2010 fuskar ta 2015. Wasu masu motoci da saninsu suke yin haka don ado, kuma babu laifi. Laifin yana farawa ne idan aka sayar da ita a matsayin ta 2015. Haka nan motar da aka yi shekaru ana hawa a cikin gida, a cire lambarta, a wanke injin, a jera ta cikin waɗanda suka sauka daga jirgi.

Takardun kwastam

Duk waɗannan lahani ne da ke cin kuɗin gyara. Matsalar takardu kuwa tana iya raba mutum da motar ɗungurungum.

Shekaru da dama Kwatano ce babbar ƙofar motocin da ke shigowa Najeriya, saboda kuɗin fito a Jamhuriyar Benin ya fi sauƙi. Wasu motocin kan bi ta Nijar kafin su gangaro Arewa. Daga 1 ga Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ya zama sai ta tashoshin jiragen ruwa, inda Tin Can da PTML a Legas suka fi karɓar motoci. Haramcin bai hana fasa-ƙwauri ba, kuma motar da ta biyo daji tana buƙatar takardun da za ta fake da su. Daga nan ake samun takardun jabu, da na gaskiya amma na wata mota, da kuma waɗanda aka biya kuɗin fito ƙasa da ƙima ta hanyar rage shekarar mota ko ajinta.

Jami'in kwastam da ya tsayar da mota a hanya ba ya tambayar wanda ya shigo da ita, wanda ke riƙe da ita yake tuhuma. Wannan ne ya jawo ce-ce-ku-ce a watan Maris na 2017, lokacin da Hukumar Kwastam a ƙarƙashin Kanar Hameed Ali mai ritaya ta ba masu motoci wa'adin wata guda su je su tabbatar an biya wa motocinsu kuɗin fito. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa, bisa hujjar cewa mutumin da ya sayi mota a fili da kuɗinsa bai kamata ya ɗauki laifin mai shigowa ba, aka dakatar da shirin. A 2019 hukumar ta rufe wuraren sayar da motoci a sassan ƙasar domin binciken takardu, a 2024 kuma ta sake buɗe ƙofa ta kwana 90 ga masu son daidaita kuɗin fiton motocinsu. Maimaituwar wannan mataki kaɗai ta isa nuna yawan motocin da ke yawo da takardu masu rauni.

A farkon 2022 hukumar ta fara ƙiyasta kuɗin fito ta hanyar lambar VIN, wato lambar shasi, domin kwamfuta ta fitar da ƙimar mota maimakon a bar abin ga ciniki tsakanin jami'i da wakilin fito. Wakilan fito a Legas sun yi yajin aiki a kan tsarin, aka dakatar da shi na ɗan lokaci, aka yi masa gyara aka dawo da shi. A tsarin da aka fara a watan Afrilun 2022, an ɗora wa motar hannu kashi 20 cikin 100 na kuɗin fito da ƙarin harajin kashi 15, ban da harajin VAT da sauran caje-caje, kuma doka ta hana shigo da wadda ta wuce shekara 12 da ƙerawa. Da yake da dala ake lissafin, lokacin da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin sayen mota da na jirgi da na fito suka tashi tare.

Wannan ya bayyana wani abu da ke ɓata wa masu saye rai, wato farashin da ke canzawa tsakanin Litinin da Juma'a. Dillali yana duba abin da zai kashe kafin ya maye gurbin motar ne, ko da ya sayo ta lokacin da dala ke da sauƙi. Tsadar ta kuma tura masu shigo da kaya zuwa ga motoci masu araha a gwanjo, waɗanda su ne suka fi lalacewa. Shi ma mai shigowar sau da yawa hotuna kawai ya gani kafin ya biya, sai an buɗe kwantena yake sanin abin da ya saya, kuma idan ya yi asara, a kan mai saye na ƙarshe yake neman fanshewa.

Akwai kuma motocin sata. A watan Satumban 2024 Hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga ƙasar aka gano su a Najeriya. Wanda aka samu irin wannan mota a hannunsa, ko da rasiɗinsa, rasa ta zai yi.

Tsakanin mai mota da mai saye

Motocin da ke fili ɗaya ba lallai ne na mutum ɗaya ba. Da yawa masu su sun ajiye ne a sayar musu, mai filin yana da kasonsa, wanda ya kawo mai saye yana jiran la'ada, wanda ya nuna masa hanya ma yana sa rai. Kowane hannu yana ɗora nasa, kuma babu wanda ya san motar ciki da waje, babu kuma wanda zai amsa laifi idan ta ɓaci. Dillanci sana'a ce mai daɗaɗɗen tarihi a kasuwannin Hausa, kuma a kasuwar dabbobi dillali kan tsaya a matsayin shaida da lamuni idan aka samu matsala. A kasuwar mota wannan ɓangare na lamuni ne ya yi rauni, la'adar kuwa tana nan.

Shawarar da kowa ke bayarwa ita ce a tafi da makanike. Tana da amfani, amma an sha jin koken cewa makaniken da ya zo duba mota yakan koma gefe da mai sayarwa a yi masa alkawarin wani abu idan ciniki ya faɗa. Wanda aka biya kuɗin dubawa tun kafin a fita, ko an saya ko ba a saya ba, ya fi wanda ladansa ke rataye da faɗawar ciniki.

Ta fuskar doka, mai saye ba a hannu wofi yake ba. Dokar gasa da kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa Hukumar FCCPC, ta hana yaudarar mai saye game da yanayin kaya, ta kuma ba shi damar mayar da abin da bai dace da bayanin da aka yi masa ba. Hukumar ta sha bayyana cewa rubuta "ba a mayar da kuɗi" a rasiɗi ba ya soke wannan haƙƙi. Fiƙihun Musulunci ma ya san wannan bab, inda malamai ke magana a kan zaɓin da mai saye ke da shi na mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. Wahalar ita ce hujja. Yawancin rasiɗan da ake bayarwa suna ɗauke da sunan mota da launinta da kuɗin da aka biya ne kawai. Maganar cewa ba ta taɓa hatsari ba, ko nisanta na gaskiya ne, da baki aka yi ta, kuma ranar da aka je gaban hukuma babu wanda zai tuna ya faɗa. Mai sayen da ya sa aka rubuta lambar shasi, shekarar ƙira, nisan tafiya da matsayin hatsari a takardar ciniki, mai sayarwa ya sa hannu, ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Dillalin da ya ƙi rubuta abin da ya rantse a kai ya riga ya ba da amsa.

Wani ɓangare na tarihin da ya ɓace ana iya dawo da shi, kuma mabuɗinsa lambar shasi ce. Haruffa da lambobi 17 ne, ana ganinsu a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa, kuma dole su yi daidai da abin da ke takardun kwastam. Babu haruffan I, O da Q a cikinta. Na farko yana nuna ƙasar ƙira: 1, 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, J Japan, W Jamus. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, na goma shi ne shekara: lambobi 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A na nufin 2010, B 2011, haka har F ta 2015. Motar da aka sauya wa fuska a nan take tonuwa. Da wannan lamba ana iya sayen rahoton Carfax ko AutoCheck, wanda ke nuna hatsarin da aka kai rahoto, nisan da aka rubuta a lokuta daban-daban da kuma alamar ambaliya, sau da yawa ma sanya lambar a intanet kan fito da hotunan motar a filin gwanjo kafin a taɓa ta. Rahoton da dillali ya buga ya ajiye ba ya maye gurbin wanda mai saye ya nema da kansa. Takardun fito kuma ana iya kai su ofishin kwastam a tantance kafin a biya kuɗi. Na'urar binciken kwamfuta da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, wadda kowace motar Amurka daga 1996 ke da gurbinta, tana nuna matsalolin da aka kashe fitilarsu, har da alamar cewa ba a daɗe da goge su ba.

Waɗannan rahotanni suna tsayawa ne a ranar da mota ta bar Amurka ko Kanada, kuma motocin Turai ba su cika samun cikakken bayani irin wannan ba. Abin da ya faru daga tashar jirgi zuwa filin dillali, wanda ya gyara ta, kayan da aka sa mata da waɗanda aka cire, babu inda ake rubuta shi. Rajistar motoci ta ƙasa, VREG, da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ɓullo da ita a 2021, an gina ta ne a kan lambar shasi domin toshe kaucewa biyan kuɗin fito da kuma gano motocin sata. Ba ta ajiye nisan tafiya ko tarihin gyara, don haka motar da ta sauya hannu sau uku a cikin gida, abin da mai ita na ƙarshe ya faɗa shi ne kawai bayanin da mai saye zai samu.